Wasannin cikin ɗaki: yadda ake zaunar da babban yaro da ƙaninsa a tabarma guda



Duk gidan da ke da yara ya san akwai lokuttan da waje ba ya zaunuwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ne da ƙura. Sai damina, wadda ta zo daidai da babban hutun lakwal, daga Yuli har ƙarshen Satumba. A lokacin ne gulbin Maradi ke cika, ya biyo ta Madarumfa da Jiratawa, ya wuce gindin gari ya nufi Tibiri, kuma babu uwar da hankalinta ke kwance in ta ji ɗanta ya bi abokai bakin gulbi ko wani tabki. Da magariba kuma ga sauro.

To an tara su ɗaki. Sai mi? Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma gidajenmu na haɗaka ne: ɗiyan uwargida, ɗiyan amarya, jikoki, ɗan riƙo, ga na maƙwabta sun shigo. A ɗaki guda za ka tarar da mai rarrafe, da ƴar shekara 5, da ɗan shekara 12. Babban ya ce wasan na jarirai ne, ƙaramin ya kasa, kafin minti 10 an fara kuka. Daga nan sai a miƙa musu salula ko a kunna tele, in akwai kuran. Mun tattaro a nan wasannin da muka sani suna ɗaukar babba da ƙarami tare, da yadda ake yin su, da gyaran da ake yi musu don kar ƙaramin ya zama ɗan kallo.

Kafin a fara: rabon yara

Wasa ba ya lalacewa don rashin kayan wasa. Yawanci wajen rabo yake lalacewa. In aka bar yara su zaɓi abokan wasa da kansu, manya za su haɗe gefe guda, ƙanana su ci kashi. Abin da ya fi shi ne a haɗa kowane babba da ƙarami guda su zama ƙungiya: cinsu ɗaya, faɗuwarsu ɗaya. Babban da ya san ba zai ci ba sai ƙaninsa ya iya, da kansa zai zauna ya koya masa.

Na biyu, a bar fitar da wanda ya faɗi. Wasanninmu da yawa haka suke, wanda ya kuskure ya koma gefe. A dandali ba laifi, amma a ɗaki ɗan shekara 4 ne kullum ke fara fita, kuma shi ne zai sulale ya buɗe ƙofa. Maimakon fita sai a sa masa tara mai ban dariya: ya yi kukan jaki, ya yi tafiyar agwagwa daga bango zuwa bango, ya dawo a ci gaba. Dukan da ake yi wa wanda ya faɗi a wasu wasannin, wannan a cire shi ɗungum. Hannun ɗan shekara 12 bai san nauyinsa ba.

Na uku, shugabancin wasa ya riƙa zagayawa. Muna faɗin wannan ne saboda ƴan mata. A gidaje da yawa yarinya ƴar shekara 10 ko 11 ita ce mai goyo, ita ce alƙali, ita ce mai lallashi, har a tashi ba ta taɓa dutse ko guda ba. In jariri ya yi kuka a ce ita ce ba ta kula ba. Ita ma yarinya ce. Yayyenta maza su karɓi goyon wani zagaye, ba abin da zai rage musu.

Kacici-kacici

Da shi muka fara don ba ya son komai, ko fitila. Mai tambaya ya jefo, saura su canka. Tsofaffin nan har yau suna aiki: shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya ke nan. Baba na ɗaki gemu na waje, wuta da hayaƙi. Tsumangiyar kan hanya, fyaɗe yaro fyaɗe babba, yunwa.

Daɗin wasan yana wajen ba da gari. In an kasa, mai tambaya ya ce sai an ba shi gari kafin ya faɗi amsa, kuma yana da ikon ƙin garin da bai yi masa ba. A nan ƙarami ke samun aiki: ko bai iya canka komai ba, shi za a naɗa mai ba da gari. Ya ba da Tibiri, a ce an karɓa. Ya ba da Gidan Rumji, Tasawa, Dakwaro, Ɗan Isa, har a tsallaka Jibiya da Katsina. Kafin hutu ya ƙare yaron ya san sunayen garuruwan jiharsa ba tare da an zaunar da shi gaban allo ba. In akwai tsoho kusa, garin da aka ambata yakan jawo labari: an ce Tibiri, sai a ji yadda Gobirawa suka kafa ta bayan sun baro Alƙalawa. An ce Maradi, sai a ji labarin ambaliyar 1945 da ta sa gari ya bar kwari ya hau tudu.

Manyan kuma a ɗora musu nauyi: kowa ya ƙirƙiro kacici-kacici sabo a kan abin da ke cikin ɗakin, buta, randa, gidan sauro, caja. Za ku sha dariya, wasu ba kai ba gindi, amma ƙwaƙwalwa tana aiki.

Tatsuniyar karɓa-karɓa

Kowa ya san ga ta nan ga ta nanku, ya san Gizo da Ƙoƙi da Botorami. In kaka na gida, a bar mata fagenta, ba mai yi kamarta. In ba ta nan, sai a yi ta zagaye: babba ya buɗe, ya kai Gizo bakin wata rijiya ya tsaya, na kusa da shi ya ɗora jimla biyu ko uku, a yi ta tafiya har ta dawo. Ƙanana su ne masu sauti. Duk inda aka ambaci kura, zakara ko iska, su za su yi kukan. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta shi ke rufewa da ƙurunƙus.

Tsofaffi na cewa ba a tatsuniya da rana. Wasu gidajen har yanzu suna riƙe da wannan, kuma ba mu ce a yi musu gardama ba. A ajiye ta sai bayan isha'i, cikin gidan sauro. Da ma can ta fi daɗi.

Jini-jini

Jagora yana kiran sunaye da sauri. In ya kira abu mai jini, akuya, raƙumi, zabo, kowa ya amsa. In ya kira marar jini, turmi ko dutse, a yi tsit. Wanda bakinsa ya zarce ya amsa wa turmi, tara ta hau kansa. Waɗanda suka yi lakwal sun san ɗan uwansa da mushe ke sa su yi a aji: abu mai tashi sama a ɗaga hannu, marar tashi a bar hannu ƙasa.

Gyaransa mai sauƙi ne. Ƙanana suna da rai uku, manya rai guda. Kuma in zagaye ya zo kan ƙaramin ya yi jagora, a bar shi ya yi a hankali yadda ya iya. Wani lokaci jinkirin nasa ne ma ke kayar da manyan. Sai dai a shirya wa gardama: za a tsaya a kan fara, ko tana da jini, a tsaya a kan sauro da ya sha na mutum. Mu dai ba mu raba wannan shari'a.

Carabke

Wasan ƴan mata ne a al'ada, amma mun ga maza da yawa da aka kunyata a kansa. Ana jefa dutse guda sama, a ɗebi na ƙasa, a cafe na saman kafin ya faɗo. A fara da ɗaya-ɗaya, sai biyu-biyu, sai uku, har a kwashe duka a hannu guda. Wasu unguwannin da duwatsu 5 suke yi, wasu kuma tari suke zubawa cikin da'ira ko ɗan rami, a jawo a mayar. Kowa ya bi na gidansu.

Ƴar shekara 5 ba za ta iya jifa da ɗiba lokaci guda ba. Sai yayarta ta jefa, ita kuma ta ɗiba, ko a yarda mata ta tafa hannu sau ɗaya ta cafe. Babbar da ta gwanance kuma a ce da hagu za ta yi. Nan take wasan ke daidaita.

Dara

A nan za mu ɗan daɗe, don dara ce wasan da ya fi riƙe manyan yara, kuma ita ce muke gani tana ɓacewa daga hannunsu. Har yanzu dattawa na yin ta a gindin itace da bakin kasuwa, amma yaran birni da yawa ba su san ƙa'idarta ba, sai karin maganar dara ta ci gida.

Ana yin gurabe 30, layi 5 kowanne da gurbi 6. A waje cikin rairayi ake tona su. A ɗaki sai a zana da alli ko gawayi a kan siminti, ko a bayan kwali. Kowane ɓangare yana da ƴaƴa 12. Ɗaya ya ɗauki guntayen kara, ɗayan ya ɗauki tsakuwa ko ƙwallon dabino, don a bambance.

Wasan kashi biyu ne. Da farko ana dasawa: kai ka sa ɗaya, ni in sa ɗaya, har ƴaƴa 24 su shiga, gurabe 6 su rage babu kowa. Lokacin dasawa ba a yarda ka jera uku a layi ba. Bayan nan sai tafiya: kowa ya matsar da ɗa guda zuwa gurbin da ke kusa da shi wanda ba kowa, gaba, baya, dama ko hagu, ban da karkace. Duk wanda ya jera uku cif a miƙe ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokin karawarsa. Huɗu a layi ba ci ba ne. Wanda ƴaƴansa suka ƙare har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi. Akwai ƙananan bambance-bambance daga gari zuwa gari, misali ko ana iya cire ɗan da ke cikin jerin uku, don haka a yi magana a kansu tun kafin a dasa.

Gwanaye sun san a wajen dasawa ake cin dara. Abin da kowa ke nema shi ne ya shirya ƴaƴansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komowa tsakanin layi biyu, in ya je ya cika uku, in ya dawo ya cika uku. Wanda aka kafa wa wannan, sai haƙuri.

To ina ƙanana? Dara ta mutum biyu ce, amma a ɗaki ana mayar da ita ta gida biyu. Babba ne ke tunani, ƙaninsa ne hannu: shi ke dasawa, shi ke matsarwa, shi ke cire ɗan da aka ci ya ajiye a gabansa yana ƙirgawa. Ɗan shekara 7 kuma a ba shi aikin gadi, ya riƙa duba inda abokan gaba ke shirin cika uku. In yayan ya fi ƙarfin kowa, a hana shi magana, sai nuni da ido.

Akwai kuma ta gurabe 12, layi biyu, da ƴaƴa 48, huɗu a kowane gurbi, ana kwasa ana zubawa ɗaya-ɗaya a zagaye. Ƴan uwanmu na Abijan da Kwatano sun san ta da awale, Yarbawa na ce mata ayo, a Gana oware. Kwalin ƙwai da ƴaƴan tsamiya sun isa. Ga yaron da ke koyon ƙirga, da wuya a samu abin da ya kai ta.

Na takarda da na kanti

In akwai tsohon kaye da bik, ga wasan suna, gari, dabba, abinci. A zaɓi harafi, kowa ya cika layinsa da kalmomin da suka fara da shi. Waɗanda ba su fara rubutu ba su ke zaɓen harafi, su kuma raɗa wa yayyensu amsa a kunne. Muna ba da shawara a yi zagaye guda da Hausa, guda da Faransanci, kuma ɗan makarantar allo a bar shi ya rubuta nasa da ajami, a ƙirga masa daidai da kowa.

Lido kuwa ya shiga ko'ina. Asalinsa wani tsohon wasa ne na Indiya mai suna pachisi, Turawan Ingila suka sauƙaƙe shi a 1896. Amfaninsa ga taron yara shi ne sa'a ta fi dabara yawa a ciki, don haka ƙarami na iya cinye babba da gaske, ba da alfarma ba. Mutum 4 yake ɗauka, amma da tsarin babba da ƙarami sai ya ɗauki 8. Sharaɗi guda ne ba ma sassautawa a kansa, ko lido ne ko karta: kar a sa kuɗi, ko dala guda, ko alewa. Daga nan caca ke samun ƙofa.

In jiki ya gaji da zama, a tashi a yi ɓoyon abu. Ɗaya ya rufe ido, a ɓoye cokali ko ɗankwali a ɗakin, saura su riƙa tafi, in ya kusa tafin ya yi ƙarfi, in ya yi nisa ya lafa. Ko ɗan shekara 2 ya iya tafi.

Abin da za a kiyaye

Kusan duk kayan wasan da muka lissafa ƙanana ne, kuma yaron da bai kai shekara 3 ba komai baki yake kaiwa. Tsakuwa, gyaɗa, ƙwallon magarya, ƴaƴan lido, duk suna iya shaƙe shi. A ƙirga su kafin wasa, a ƙirga bayan wasa. Mai rarrafe a ba shi nasa manya: ƙoƙo, ludayi, ƙwallon tsumma. Ƙaramin batir mai kama da kwabo, irin na agogo, ya fi duka haɗari, don in an haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin ƴan awoyi. Wannan likita ne nan take, ba jira.

In yaro ya shaƙe yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. In ya kasa tari da kuka, a kifa shi, kai ya yi ƙasa, a buga masa tsakanin kafaɗu da tafin hannu har sau 5, wani kuma ya nemo abin hawa. Kar a zura yatsa ana laluben abin da ba a gani. Haka in ƙwallo ya shiga hanci ko kunne, kar a tsokale shi da tsinke, a kai shi likita.

Ɗakin ma a dube shi. Mutanen Maradi ba su manta gobarar Nuwamba 2021 ba, wadda ta ci azuzuwan zana ta kashe yara sama da 20. Inda yara suka taru, kar a bar buji, fitilar kananzir ko murhun gawayi, kuma kar a kulle su ta waje a tafi kasuwa. Lokacin sanyi ana shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, alhali iskar gawayi na kisa ba tare da an ji warinta ba. Da damina kuma, daminar 2024 ta nuna mana yadda ginin ƙasa ke zubewa in ya sha ruwa. Ɗakin da bangonsa ya jiƙe ko ya tsage ba wurin tara yara ba ne, gara a kai su na maƙwabta. Yaron da ke da zazzaɓi da ƙuraje kuwa a ware shi tukuna, don ƙyanda ba ta son komai kamar ɗaki cike da yara.

Maganar salula, da ƴan uwa na nesa

Ba mu ce a jefar da waya ba. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar da shi gaban waya ko tele, na shekara 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa guda a yini. Wasa kuma ba ɓata lokaci ba ne: sashe na 31 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ya sa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro. Tun 2024 ma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa. Abin da muka lura da shi dai, waya guda tsakanin yara 6 babba ne ke riƙe ta, saura leƙe, ƙarshenta faɗa.

Ku da ke nesa kukan tambaya mi za ku aiko wa yara. In za ku sayi wani abu, ku sayi wanda mutum huɗu ko fiye za su yi tare: lido mai kauri, alli, kaye, fensir masu launi. Motar batir ta yaro guda ce, kuma kwana nawa take yi? Akwai ma abin da ba ya cin ko dala: kawu ko gwaggo su aiko kacici-kacici da murya ta WhatsApp ranar Juma'a, yara su kwana suna gardama, Asabar su mayar da amsa ko su ba da gari. Ɗiyanku da aka haifa can, waɗanda Hausarsu ta fara nauyi, su ma a sa su cikin zagayen.

Ga namu na wannan mako, yara su gwada kafin manya su sa baki: rigata guda ɗaya, aljihunta ɗari. Wanda ya kasa ya ba mu gari, amma Jiratawa da Tibiri an riga an ba mu su.